Motar da Ke Kwana a Durƙushe

Wata safiya a tsakiyar hunturun bara, tun ban gama buɗe gareji ba, wani Alhaji ya shigo da jif ɗinsa gabanta a ƙasa, kamar raƙumin da aka durƙusar za a yi masa labtu, har tayoyin gaba sun kusa shigewa cikin bodi. Bayan mun gaisa, sai ya buɗe bayan motar ya nuna mini kwamfuresa guda biyu, wato injin da ke ɗura iskar da ke ɗaga ƙafafun motar, ɗaya wadda motar ta zo da ita daga waje, ɗaya kuma wadda aka saka masa wata bakwai da suka wuce, dukansu a ƙone. Ya ce ta uku ce a jikin motar yanzu, ita ma ta fara gurnani tana ɗaukar zafi. "Malam, ni dai ka nemo mini inda ake sayar da ta gaske," in ji shi, "domin na gaji da sayen jabu." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka bar mini motar ta kwana biyu a nan, kada mu sayi komai tukuna."

Na faɗa masa haka ne saboda a shekarun da na yi ina aikin rewaya da ƙafar mota, kwamfuresa ita ce abin da na fi ganin ana zalunta. Ita ce mai ƙara, ita ce mai zafi, ita ce kuma idan ta tsaya motar take zubewa ƙasa gaba ɗaya, saboda haka kowa a kanta yake ɗora laifi. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Kwamfuresar da ta ƙone cikin 'yan watanni yawanci aiki ne ya kashe ta, domin akwai wata kafa a wani wuri da iska ke zurarewa ta cikinta dare da rana, ita kuma tana ta ɗura ruwa a kwando.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan motoci ba, ya kamata in ɗan bayyana yadda ƙafar iska take. A mota ta yau da kullum, sifirin na ƙarfe ne ke ɗauke da nauyin bodi, tsayin motar kuma ba ya canzawa sai dai idan sifirin ɗin ya gaji. A mota mai ƙafar iska, an maye gurbin sifirin da jakar roba mai kauri a kowace taya, wadda kanikawa ke kira balan-balan, kuma ba ta da alaƙa da jakar nan ta cikin sitiyari da ke fashewa lokacin haɗari. Kwamfuresa tana jawo iska daga waje, ta matse ta, ta bi da ita ta cikin wani gwangwani mai tsotse danshi, sannan ta tara ta a tanki. Daga nan siraran tiyo na roba mai tauri, mafi yawa masu kaurin milimita 6, suke kai iskar zuwa akwatunan bawul, waɗanda ke buɗe wa kowace jaka ƙofa ko su rufe. A jikin kowace ƙafa akwai sensa mai ɗan hannu da ke auna tazarar da ke tsakanin taya da bodi, tana aika wa ƙwaƙwalwar ƙafa, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa tsayin motar, labari, ita kuma ƙwaƙwalwar ta yanke hukunci ko a ƙara iska ko a rage. Duk wata matsala da za a kawo mini, a ɗayan wurare uku take: ko iska na tsiyaya, ko ba a samar da isasshiyar iska, ko kuma ana yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya game da tsayin motar.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Kamfanin Citroën na Faransa ya fito da motarsa DS a 1955 tana ɗagawa tana sauka da ƙarfin mai da iskar naitirojin, Cadillac kuma ya sa ƙafar iska a Eldorado Brougham a 1957. Waɗanda muka fi gani a titunanmu su ne Range Rover, wadda ta samu ƙafar iska mai ƙwaƙwalwa tun 1992, da Mercedes masu tsarin Airmatic da ya fara da S-Class ta 1998, da Land Rover Discovery 3 ta 2004, wadda a Amurka ake kira LR3. Ita wannan ta ƙarshe misali ce mai kyau ga mai son ya san girman aikin: tana iya ɗagawa milimita 55 sama da tsayinta na kullum idan za a shiga daji, tana sauka milimita 50 domin mutane su shiga cikin sauƙi, tankinta kuma na riƙe iskar da matsinta ya haura 16 a ma'aunin bar, wato kusan ninki bakwai na iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota. Roba da ke fama da matsi mai yawa, tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane rami na tsawon shekara goma sha biyar ko ashirin, dole wata rana ta tsage.

Da motar Alhaji, abin da na fara yi shi ne tambayoyi, domin mai mota ya fi kowace na'ura sanin halin motarsa. Yaushe take sauka, a kan tafiya ko idan ta kwana? Gaba ne ko baya, dama ko hagu? Idan aka tayar da ita da safe, minti nawa take yi kafin ta miƙe? Ya ce kullum da asuba yakan same ta a durƙushe, wani lokaci gaba kawai, wani lokaci duk ƙafafu huɗun, kuma a da cikin rabin minti take tashi, yanzu kuwa sai ya gama shan shayi. Daga nan na auna batir. Mutane kan yi mamakin me ya haɗa batir da tsayin mota, alhali kwamfuresa na cikin abubuwan da suka fi jan wuta a jikin mota, kuma ƙwaƙwalen waɗannan motoci ba sa jure ƙarancin wuta, da zarar ta yi ƙasa sai su cika fuskar direba da gargaɗi iri-iri waɗanda ba su da tushe. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, idan inji na aiki kuma ya haura zuwa wajen 14. Na Alhaji lafiyarsa ƙalau, sai na wuce.

Kafin in bar batun wuta, akwai wani abu da ya sha ruɗa kanikawa. A wasu motocin, ƙwaƙwalwar ƙafa tana sauraron ƙwaƙwalwar birki da ta sitiyari, kuma idan ta ji cewa tsarin da ke hana mota santsi ya samu matsala, sai ta sauke motar da gangan domin kada ta kife a kwana. Masu Discovery 3 sun san cewa ɗan makunnin da ke bayan fedar birki, ko ma ƙwan fitilar birki da ya ƙone, yana iya jawo wannan. Ƙafar lafiyarta lau, umarni kawai ta bi. Shi ya sa nake karanta lambobin matsala na dukkan ƙwaƙwalen mota, ba na ƙafa kaɗai ba, in rubuta su a takarda kafin in goge, sannan in tuƙa motar in ga waɗanda suka dawo. Sai dai lamba ba ta faɗin abin da za a saya. A Land Rover, lambar C1A20 tana nufin matsin iska na jinkirin hawa yayin cika tanki, kuma da yawa da sun gan ta sai su nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman kwamfuresa, alhali tsagewar murfin gwangwanin danshi, ko toshewar matatar iska, ko tiyon da ya huje, duk suna iya haifar da wannan lamba ɗaya.

Gwajin da na fi dogara da shi ba ya buƙatar na'ura mai tsada, tef ɗin awo ne da alli da haƙuri. Da yamma na ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, na tabbatar iskar tayoyi daidai take, na bar ta ta ɗaga zuwa tsayinta na kullum, sannan na kashe inji na cire fiyus ɗin ƙwaƙwalwar ƙafa. Cire fiyus ɗin nan shi ne sirrin gwajin. Waɗannan motoci suna farkawa da kansu bayan 'yan sa'o'i ko da makulli na aljihun mai su, su duba ko motar ta karkace, kuma tun da ba sa tayar da kwamfuresa a lokacin, hanyar daidaitawa ɗaya ce gare su, wato su saki iskar ƙafafun da suka fi tsayi har su zo daidai da wadda ta fi sauka. Idan aka maimaita haka sau biyu ko uku kafin gari ya waye, sai a tarar da mota gaba ɗaya a ƙasa, mai ita ya rantse cewa duk jakunkunan huɗu sun lalace, alhali guda ɗaya ce ta ja sauran. A Discovery 3 fiyus mai lamba 26 ne a akwatin da ke kusa da inji, a sauran motoci kuma sai a duba littafinsu. Bayan na cire, na auna daga cibiyar kowace taya zuwa leɓen bodin da ke samanta, na rubuta da alli a ƙasa kusa da tayar, na kuma gargaɗi yaran gareji kada wanda ya jingina da motar ko ya buɗe ƙofarta.

Da safe ƙafar gaba ta dama ta sauka santimita 6, ta hagu ta sauka 2, ƙafafun baya kuwa suna nan yadda na bar su, in ban da ta hagu da ta ɗan ɗaga kaɗan, wanda haka yake faruwa idan kusurwar da ke kallonta ta nutse. Karatun wannan sakamako yana da ƙa'ida. Idan duk kusurwoyi huɗu suka sauka da ɗan abin da bai kai santimita ɗaya ba, musamman a daren hunturu, wannan sanyi ne ya sa iska ta tsuke, ba matsala ba ce. Idan kusurwa ɗaya ta zube, to laifin yana tsakanin jakarta, da tiyonta, da bawul ɗinta. Idan gaba ko baya ya sauka daidai wa daida, hankalina ya fi karkata ga akwatin bawul na wannan ɓangare. Saukar hagu da santimita 2 a motar Alhaji tana iya zama jan da dama ta yi mata ta hanyar sandar da ta haɗa ƙafafun biyu, tana kuma iya zama wata ƙaramar ɓaraka ta daban, don haka na riƙe ta a raina.

A nan dole in dakata in yi magana kan tsaro, domin na taɓa ganin yaro ya tura kansa tsakanin taya da bodi yana neman inda iska ke fita. Motar da ke tsaye a kan iska tana iya sauka cikin ƙiftawar ido, ko don an taɓa tiyo, ko don ƙwaƙwalwa ta ga damar daidaitawa, kuma nauyin jif irin wannan yakan haura tan biyu. Ba a shiga ƙarƙashinta, ba a sa kai ko hannu a saman taya, sai an tokare shasi da ƙarfen tokare, jak kaɗai bai isa ba. Ba a kuma kwance tiyo sai an saki iskar da ke cikinsa.

Da muka tokare ta, sai na kaɗa ruwan sabulu a gora na shiga fesawa: saman jakar, mahaɗin tiyo, jikin robar. Babu kumfa ko ɗaya. Wannan ma ba baƙon abu ba ne, domin jakar iska tana naɗewa ne a kanta kamar safa da aka juya, kuma tsagar tana fitowa ne daidai wurin lanƙwasar, inda ƙura da yashi ke taruwa suna cin robar. A wani tsayin tsagar na rufe ruf, a wani kuma ta buɗe baki. Shi ya sa mota kan kwana uku lafiya, rana ta huɗu a same ta a ƙasa, ya danganta da yadda aka ajiye ta. Na mayar da fiyus, na ɗaga motar zuwa tsayin daji domin lanƙwasar ta warware, na sake tokarewa na fesa. Nan da nan kumfa ta taso ƙanana-ƙanana a layi ɗaya, kamar ƙwan kwaɗo a bakin tafki, kuma da na goge na haska fitila sai ga jikin robar duk ya yi faso kamar dunduniya a hunturu. Na kira Alhaji ya zo ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallon kumfar kafin ya ce, "Ikon Allah, wato wannan ɗan abin ne ya cinye mini kwamfuresa biyu?"

A motocin da aka lulluɓe jakar da gwangwanin alminiyam, inda ido ba ya kai wa ga robar, akwai wata dabara. Ana cire tiyon ƙafar da ake zargi daga akwatin bawul, a ɗaura masa bawul irin na taya, a hura jakar kai tsaye, a bar ta ta kwana. Idan ta sauka, jaka ce ko tiyo, idan kuwa ta tsaya cak, to bawul ne ke mayar da iskar baya.

Na canza jakunkunan gaba duka biyu, domin shekarunsu ɗaya kuma hanya ɗaya suka bi, sannan na sake gwajin kwana. Dama ta tsaya, hagu kuwa ta sake sauka da santimita ɗaya da rabi, wato shakkar da na riƙe ta tabbata. Da na buɗe akwatin bawul na gaba sai na tarar da farin gari kamar alli ya lulluɓe zobban robar da ke ciki. Wannan gari daga gwangwanin danshi yake. Cikinsa ƙwayoyin silika ne, irin waɗanda ake samu a 'yar ƙaramar jaka cikin kwalin sabon takalmi, aikinsu su tsotse ruwan da ke cikin iska. An tsara abin ne ta yadda duk lokacin da mota ta sauka, busasshiyar iskar da ke fita za ta bi ta cikinsu ta kwashe danshin zuwa waje. Amma a motar da ke tsiyaya, iska na shiga ta gwangwanin, ta fita ta tsaga, saboda haka danshi na taruwa babu mai kwashe shi, musamman da damina. Ƙwayoyin su jiƙe, su farfashe, garinsu ya bi tiyo ya zauna a bakin bawul ya hana shi rufewa sosai. Tsaga ɗaya ce ta haifi duk wannan. Na wanke akwatin, na sa sababbin zobba, na busa tiyoyin, na zuba sabuwar silika.

Kwamfuresa ta uku ba ta mutu ba, ta dai gaji. Na sa na'ura ina kallon yadda matsi ke hawa da yadda zafinta ke ƙaruwa, na ga tana kai wa inda ake so amma da jinkiri, don haka na canza zoben fistin ɗinta, na kuma wanke matatar da take shaƙar iska, wadda jar ƙura ta toshe kusan rabinta. Rile ɗin da ke ba ta wuta shi ma na canza, kuma na lura cewa tun na asali ne, duk sauye-sauyen da aka yi ba wanda ya taɓa shi. Tsohon rile bakinsa kan narke ya manne, ya bar kwamfuresa tana aiki ko da ƙwaƙwalwa ta ce ta tsaya, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da yake iya ƙonawa.

Matsalar sensa kamanninta daban ne, kuma mai lura zai gane ta tun daga labarin mai mota. Motar ba ta sauka da dare, amma da an tayar da ita sai ta karkace, ko ta riƙa ɗagawa tana sauka a danja kamar mai numfashi, ko ta nuna gargaɗi daidai lokacin da aka faɗa rami. An taɓa kawo mini wata wadda bayanta na hagu ya ɗage sama kamar za ta yi tsalle, bayan tafiya a hanyar burji mai gargada, sai na tarar ɗan sandan da ke haɗa hannun sensa da ƙafa ya ɓalle yana reto, ƙwaƙwalwa na jin cewa kusurwar tana ƙasa tana ta aika mata iska. Wani lokaci kuma ruwan masu wankin mota ne ke shiga soket ya sa tsatsa. Irin waɗannan sensoci yawanci bolt 5 ake ba su, su mayar da amsa tsakanin rabin bolt da huɗu da rabi, kuma idan aka motsa hannun a hankali ana kallon na'ura, ya kamata lambar ta tafi sumul, duk inda ta yi tsalle ko ta ɓace to nan ciwon yake. Wanda ya canza sensa bai yi wa motar sabon saitin tsayi a shimfiɗaɗɗen wuri ba, rabin aiki ya yi.

Masu Lexus LX 470 da wasu Land Cruiser kan zo mini da tunanin tasu ma iska ce, alhali tsarin daidaita tsayi na Toyota, wanda ake kira AHC, da mai yake aiki, tare da ƙwallayen ƙarfe masu naitirojin a ciki. Ruwan sabulu ba shi da amfani a nan, abin dubawa shi ne yawan man da ke ɗan tankinsa, da matsin da na'ura ke nunawa, da gajiyar ƙarafan da ke taya shi ɗaukar nauyi. Man kuma nasa ne na musamman, wanda ya zuba masa man birki ya lalata robobin ciki.

Alhaji ya tambaye ni, kamar yadda kusan kowa ke tambaya, ko ba gara a cire iskar gaba ɗaya a sa sifirin a huta ba. Ban ga laifin wanda ya yi haka ba idan motarsa na yawan shiga ƙauyukan da babu mai na'urar bincike, ko kuma idan jaka da bawul da kwamfuresa da sensa duk sun mutu lokaci guda har kuɗin gyara ya kusa kuɗin motar. Amma sai ya san abin da zai rasa: laushin tafiya, da daidaituwar mota idan an cika ta da kaya, da damar ɗaga ciki a kwazazzabo, sannan sai an yi wa ƙwaƙwalwa dabara kafin ta daina gargaɗi. A motarsa ban ga dalili ba, tun da abin da ya lalace an gano shi, sauran kuma lafiyarsu ƙalau.

A dare na ƙarshe na sake cire fiyus, na sake rubuta lambobi huɗu da alli, da safe tef ya ba ni lambobin nan huɗu ba tare da bambancin da ya wuce milimita 3 ba. Na mayar da fiyus, na goge tsofaffin lambobin matsala, muka zagaya da shi har bayan gari muna ɗaga ta muna saukewa, kwamfuresa ta cika tanki ta yi shiru. Na roƙe shi ya sa direbansa ya riƙa wanke lanƙwasar jakunkunan da ruwa marar ƙarfi duk lokacin da suka dawo daga hanyar ƙura, kuma ranar da ya ji kwamfuresa na tashi fiye da yadda ta saba, ya kawo motar a makon, kada ya jira ta durƙusa. Ƙonannun kwamfuresocin nan biyu ya bar mini su, suna nan a ƙarƙashin teburin aiki, da su nake koya wa yara yadda ake kwance fistin da zobensa.